Shanya a Ɗaki na Uku

Ranar Talata ce, kuma tun kafin gari ya waye sama ta ɓalle da ruwa. Ba tsawa ba walƙiya, zuba kawai yake yi kamar an manta da famfo a buɗe. Kwatoci suka cika suka hau titi. Kafin Dakta Ƙarama ta sauka daga motar haya ta tsallaka farfajiyar cibiyar bincike ta jiƙe sharkaf, mayafinta ya lafe mata a wuya kamar dafaffen ganye.

Daktoci biyu ne a cibiyar, shi ya sa aka raba su da girma. Akwai Dakta Babba, dattijon da ya kafa wurin, mai magana ƙasa-ƙasa kamar kullum akwai mai barci a kusa. Akwai kuma ita, Ƙarama, wadda ba ta jima da komawa aiki ba bayan haihuwar 'yarta ta fari. Na ukunsu mai kula da na'urori ne, wanda furfura ta kama tun bai yi aure ba, kowa na ce masa Tsoho.

Aikinsu a kan wata ƙwayar cuta ce da ke fitowa daga jemagu ta kama ƙirjin mutum. Tana da dogon suna na littafi, amma su Baƙuwa suke ce mata. Ba ta da rigakafi, ba ta da magani, kuma ƙananan yara ta fi kayarwa. Ƙarama ta san wannan fiye da kowa, don ita ke karɓar 'yan kwalaben da asibitoci ke aikowa, ita ke ganin shekarun masu su a rubuce a jiki.

Ɗakuna uku ne a jere. A na ɗaya Baƙuwa take da ranta, bayan ƙofofi biyu, ba a shiga sai da riga mai rufe jiki ruf, da safar hannu ruɓi biyu, da takunkumi. A na biyu, bayan an kashe ta, ake tatso saƙon da ke cikinta, wanda ake kira RNA. Abu ne mai raki, da ya ji ɗumi sai ya lalace, don haka a kan ƙanƙara ake aikinsa. Na'ura ba ta ganin RNA sai an zuba wani sinadari da zai kwafe shi ya koma DNA. A ɗaki na uku na'urori ke ɗaukar guntun wannan kwafi su yi ta ninka shi har ya kai miliyoyi, sannan a buɗe kwalaben a karanta. Dokar wurin guda ce: gaba ake yi, ba a dawowa. Ko biro ne ya shiga ɗaki na uku, to ya zama ɗan can har tawadarsa ta ƙare, don kada ya koma baya ya ɓata gwaji.

Sai dai ɗaki na uku shi ya fi ko'ina ɗumi a ginin, saboda na'urorin da ke huci yini guda. Tun shekarun baya wani ya ɗaura 'yar igiya a bayan ƙofarsa. In damina ta kama, duk wanda ruwa ya daka sai ya yi shanyarsa a can. Ba wanda ya ga an taɓa doka. Ai kayan gida za su tafi, ba ɗaki na biyu ba.

A bakin igiyar ta iske Tsoho yana matse safarsa.

"Ranki ya daɗe, iyo kika yo ko tafiya?" in ji shi.

"Matsa da wannan safar taka kafin ta kashe mana na'urori," ta ce, tana warware mayafin a kan igiya. "Baƙuwa ma in ta shaƙi wannan sai ta tuba."

"Safar mutumin kirki ce. Tun ina saurayi muke tare, ba ta taɓa kai ƙarata ba."

"Ba ta da baki ne."

Da hantsi ta shirya ta shiga ɗaki na ɗaya, Tsoho na kallonta ta gilashi, don ba a barin mutum shi kaɗai da Baƙuwa. Ta jera kwalabe a injin da ke wulwula su har abin da ke ciki ya kwanta. Da ya tsaya ta ɗaga murfi ta sunkuya, sai igiyar takunkuminta ta zame daga ƙeya. Ta ji iska mai sanyi ta taɓa mata gefen hanci. Ta riƙe numfashi, ta rufe murfin, ta fita tsakanin ƙofofin nan biyu ta sauya wani. Da ta dawo ta duba kwalaben ɗaya bayan ɗaya, duk a rufe suke, a bushe. Ta gaya wa Dakta Babba. Ya yi mata tambayoyinsa, ya ce tunda ba abin da ya zube, to da sauƙi.

Da yamma ruwan ya tsagaita amma iska na kaɗawa. Ta cire mayafin daga igiya, ya bushe ƙayau, da ɗuminsa kamar an goge shi. Ta yafa, ta ja shi har kan hanci, haka ta tafi gida.

Gidan haya ne a hawa na biyu, a saman shagon da mijinta ke gyaran waya. Tun daga matakala ta jiyo muryar 'yarta. Kumatu suke ce mata, kuma duk wanda ya gan ta ba ya tambayar dalili. Ta fara zama ke nan, tana ta zubar da yawu. Inna, uwar mijin, ita ke riƙonta da rana.

"Karɓi ƙawar nan tawa," in ji Inna. "Tun la'asar take zagina, ban san me na ci mata ba."

"Dakta, an wanke hannu kuwa?" mijin ya leƙo daga matakala da ƙaramin sukurdireba a bayan kunne. "Kada a kawo mana jemage gida, ɗakin ya yi mana kaɗan."

"Baban Kumatu, koma shagonka. Wayoyin mutane na jiranka ka ƙarasa lalata su."

Ta zauna a bakin gado ta ba yarinyar nono. Kumatu ta sha tana wasa da gefen mayafin, ta ƙoshi ta saki, uwar ta goga hancinta a nata har yarinyar ta ƙyalƙyale. 'Yar majina ta leƙo, ta share mata da bakin mayafin. Ta cire shi ta rataye a kan ƙofa.

Washegari Tsoho bai tare ta da wasa ba. Yana tsaye a baranda da Dakta Babba, dukansu da takunkumi, kuma da ta nufo su sai suka ja da baya.

"Tsaya daga nan, 'yata," in ji Dakta Babba.

Bai taɓa ce mata 'yata ba.

Tsoho ne ya yi bayani, idonsa a ƙasa. Da safe ya shiga wanke injin, ya tarar da laima a gindin ramin da kwalba ke zama. Ya ɗauko kwalaben jiya ya haska su da fitila. Ɗaya ta tsage, tsaga siririya kamar gashi, daga ƙasa. Wato lokacin da injin ke wulwulawa ta yi ta fesa abin cikinta, kuma kan wannan iskar Ƙarama ta sunkuya da takunkumi a zame.

Ba ta ji ƙarshen maganar ba. Abin da take gani kawai shi ne hancinta a kan hancin Kumatu.

A bayan cibiyar akwai wani ɗan gini na killace mutane, ɗakuna biyu suna kallon juna, da siririn tsakar gida a tsakaninsu. Tun da aka gina shi ba a taɓa kwana a ciki ba. Gado ɗaya, kujera ɗaya, famfo, bokiti mai murfi, da taga wadda ba ta buɗuwa. Nan aka sa ta. Ta kira mijinta, ta fara magana da muryar aiki, a tsare, tana gaya masa a daina fita da yarinyar, a lura da zafin jikinta. Da ta zo kan cewa ya sayo madarar gwangwani da bulumboti sai muryar ta ƙi fita.

"Dakta," ya ce. "Ke, Dakta. Ki yi min magana mana."

"Na sumbace ta," ta ce. "Na shafa mata hancina."

Aka jira 'yan kwanaki, don ba a ganin Baƙuwa a ranar da ta shiga. Ƙarama ta yi ta auna zafin jikinta har ma'aunin ya fara yi mata ciwo a ƙarƙashin harshe. In ta yi gyaran murya sai ta tsaya cak tana sauraron ƙirjinta. Nono ya cika ya yi tauri kamar dutse. Ta riƙa tatsewa a kofi tana juyewa a bokitin ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, tana kallon farin yana narkewa a ciki. Abincin da ake turo mata ta ƙarƙashin ƙofa yawanci haka yake komawa.

Sannan Tsoho ya shigo cikin farar rigarsa mai rufe jiki, ya zura mata tsinken auduga a hanci har hawaye ya fito. Ta san abin da zai biyo baya kamar yadda ta san hanyar gidansu. Na'ura za ta ja layi a fuskar kwamfuta. In layin ya kwanta har ƙarshe, babu komai. In ya ɗaga kai ya hau sama, akwai.

Bayan azahar ta hango Dakta Babba yana tsallako tsakar gida da kansa. Da lafiya ce da waya zai kira. Ya tsaya a bakin tagar, ya sa wayarsa a kunne, tata ta yi ƙara a hannunta.

"Ya tashi," ya ce.

Ta zauna a ƙasa, bayanta a jikin gado, tana ta maimaita innalillahi ba tare da ta san tana yi ba.

Abin da ya faru a gida a waya ta ji shi, guntu-guntu, daga bakin mijinta. Ma'aikatan lafiya sun zo da mota, cikin fararen riguna, mutanen layin duk sun fito suna kallo daga nesa. Sun fitar da katifa da matasai da zannuwan gado da kayan sawarta, an tafi da su ƙonawa. Sun feshe ɗakunan da matakala. Matar da ke hawa na ɗaya ta kwashe 'ya'yanta ta tafi gidan iyayenta. Masu wayoyi suna aiko yara su tsaya a tsallaken titi suna cewa a jefo musu wayarsu ko ba a gyara ba. An ɗauki samfurin mutum uku: shi, da Inna, da Kumatu.

Layinsa ya kwanta. Na Inna ya kwanta. Na Kumatu ya tashi.

Wannan karon Dakta Babba bai iya zuwa ba, Tsoho ya turo. Tsoho ya tsaya a taga da waya a kunne, bakinsa na motsi, ba abin da ke fitowa. Ba ta buƙaci ya faɗa ba. Ta san shekarun da take gani a jikin kwalaben asibiti. Wasu ma ba shekaru ake rubutawa ba, watanni ne.

Aka kawo yarinyar ɗakin da ke kallon nata. An so a ba ta ma'aikaciyar jinya, Inna ta ce sai dai a bi ta kan gawarta.

"Ni me za ta ci a jikina?" aka ce ta ce. "Ƙashi ne da fata. Ku ba ni abin rufe hancin, ku rufe mu tare."

Ƙarama ta roƙa a haɗa ta da 'yarta tunda duk abu ɗaya ke jikinsu. Likitan yaran da aka kira ya ce a'a, ba a san ko nono na ɗauke da cutar ba, kada a ƙara wa yarinya a kan wanda take fama da shi. Don haka tsakar gida ta raba su. Tana ganin Kumatu ta gilashi biyu, tana jin kukanta kamar daga cikin rijiya. Duk lokacin da kukan ya taso sai gaban rigarta ya jiƙe. Yarinyar ta ƙi bulumboti da fari, tana ture shi da hannu biyu, har yunwa ta sa ta karɓa.

Aka sake gwada Ƙarama, aka kuma sakewa. Layin na tashi, amma a makare, kuma kowane karo yana ƙara makara. Zazzaɓi bai zo mata ba. Ba ta ga alheri a wannan ba, don tunaninta duk yana ɗakin can. Cewa take yi a ranta, ni babba ce jikina na kokawa, ita fa?

Sai wata safiya Inna ta kira.

"'Yar nan, kada hankalinki ya tashi."

"Inna me ya faru?"

"Jikinta ne da ɗan ɗumi. Kaɗan ne. Ta ƙi madarar kuma, sai cizon hannu take yi."

Ƙarama ta manne da taga har numfashinta ya rufe gilashin, ta goge da hannun riga. Ga Inna can tana jijjiga yarinyar a kafaɗa. Kumatun nan sun yi ja. Ta ƙura wa ƙirjin yarinyar ido tana son ganin ko yana shiga ciki in ta ja numfashi, amma wani ƙyalle ya rufe shi. Ta dubi ƙyallen da kyau. Mayafinta ne, na ranar ruwan nan.

"Inna! Wannan mayafin daga ina? Ba an ƙone kayana ba?"

"Na ɓoye shi a ƙarƙashin zanena," in ji Inna, ko a jikinta. "Tun ranar da ba ki dawo ba da shi take barci. Ƙamshinki take ji. Ko wanke shi ban yi ba, don kada ya fita."

"Ku yar da shi! Don Allah ku yar da shi yanzu!"

"In yar ta kwana tana tsala ihu? Ke ba ki san abin da nake gani ba a nan." Tana faɗa tana kama bakin mayafin, ta share wa yarinyar hanci.

Ƙarama ta kashe wayar. Ta shiga kai da kawowa tsakanin gado da famfo. Tsohuwa ta kashe mata 'ya da tausayi, abin da ke ranta ke nan. Mayafin da ta rufe hancinta da shi a ranar da ta shaƙi Baƙuwa, shi ake goga wa jaririya safe da yamma. Mayafin da ta ɗauko daga...

Ta tsaya da tafiya.

Mayafin bai taɓa shiga ɗaki na ɗaya ba. Yini ya yi a kan igiya a ɗaki na uku, inda suke buɗe kwalabe bayan na'ura ta ninka kwafi miliyoyi. Kwafin nan ba shi da rai, ba ya iya cutar da ko ƙuda, amma ba shi da rakin RNA. Yana bin iska ya maƙale a duk abin da ya samu kamar ƙaiƙayi, ya yi wata da watanni bai lalace ba. Saboda shi aka kafa dokar gaba ake yi. Kuma na'ura ba ta san bambancinsa da Baƙuwa ba, don shi ne ainihin abin da take nema. Cuta in ta shiga jiki ƙaruwa take yi. Nata layin kuwa kullum baya yake ja.

Ta kira Tsoho.

"Akwai sauran samfurina da na Kumatu a firiza?"

"Akwai."

"Ka sake gwada su. Amma kada ka zuba sinadarin kwafi."

"Ranki ya daɗe, kin ci abinci kuwa? In ban zuba ba ai na'ura makauniya ce. Ba ta ganin RNA."

"Shi nake so. In Baƙuwa ce a hancinmu, layin zai kwanta, don ba wanda ya kwafe ta. In kuwa ya tashi duk da haka, to abin da ke hancinmu tun asali kwafi ne. Tsoho, ina nake shanya mayafina?"

Sai ta ji ƙarar kujera ta faɗi.

Dakta Babba ya kira ta bayan ɗan lokaci. Ya saurara har ta gama bai katse ta ba.

"Za mu gwada," ya ce. "Zan sa a shafo igiyar da mayafin ma. Amma kada ki ɗora ranki a kai, 'yata. Kwalbar nan ta tsage da gaske, yarinyar kuma tana da zazzaɓi da gaske."

Wannan jiran ya fi duk na baya tsanani. Tun da ta fara aikin nan addu'arta a gaban na'ura ita ce layi ya kwanta. Yau ga ta tsaye tana roƙon Allah ya tashi. A ɗakin can kukan Kumatu ya canza, ya zama siriri, mai tsayi, ba hutawa. Likitan yara ya shiga da rigarsa, ya sa abin sauraro a bayan yarinyar, ya daɗe, ya sake matsar da shi, ya daɗe. Ƙarama na bin hannunsa da ido. Da ya fito bai dubi tagarta ba. Ta buga gilashin da tafin hannu, bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Ta shiga zargin kanta: ko tsoro ne ya ƙirƙiro mata wannan dabarar don ta samu abin riƙewa? Ta ga mutane da yawa sun yi haka a bakin gadon 'ya'yansu.

Rana ta karkata, hadari ya sake haɗowa. Sai ga Tsoho ya fito daga ƙofar baya da gudu, ba takalmi a ƙafa ɗaya, yana ɗaga hannu sama kamar mai tsayar da mota. Ya manta da waya, ya manna bakinsa a gilashin yana ihu.

"Ya tashi! Naki ya tashi, nata ya tashi! Igiyar kuwa tun kafin in zauna ta tashi!"

Ta ɗora goshi a gilashin. Kukan da ta riƙe tun ranar farko ya ƙwace mata, mai sauti, har Inna ta leƙo daga can a firgice tana tambaya da hannu ko mutuwa aka yi.

Dakta Babba bai yi murna da wuri ba. Ya ce kwafi na iya rufe cuta a bayansa. Ya sa aka ɗauki sabon samfuri daga uwa da 'ya, aka zuba abin da ke cinye DNA ƙarƙaf, sannan aka nemi RNA. Layukan biyu suka kwanta shame-shame har ƙarshe. Washegari Inna ta sa yatsa a bakin Kumatu ta ji abu ya karce ta. Haƙori ne ya tsago a dasashin ƙasa.

"Ja'ira!" muryar Inna ta cika wayar. "Ashe makami kike haɗawa kika tayar mana da hankali!"

Ƙarama ta ce to a buɗe mata ƙofa. Dakta Babba ya zo taga.

"Yarinya da kakarta za su tafi gida," ya ce. "Ke za ki ƙarasa kwanakin da doka ta ce."

"Yallaɓai, ka ga sakamakon da idonka."

"Na gani. Ya nuna abin da ke hancinki jiya ba Baƙuwa ba ce. Bai ce ba za ta fito gobe ba. Kin sunkuya a kan injin nan."

"To ko nonon a riƙa kai mata. Yana raguwa, Yallaɓai. Jiya ko rabin kofi ban samu ba."

Dattijon ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "In da wata ce a cikin ɗakin nan, ke kina waje, me za ki ce mata?"

Ta san amsar. Ta tsaya a taga ta ga Inna ta fito da Kumatu a kafaɗa, ba mayafin, an karɓe shi an sa a leda. Mijinta na jiransu a bakin ƙofar baya. Ya ɗago hannun yarinyar ya kaɗa mata shi. Kumatu ba tagar take kallo ba, maɓallin rigar babanta take son cirewa.

Ta ƙarasa kwanakin. Baƙuwa ba ta zo ba. Ranar da aka buɗe mata ƙofa, tun a motar haya take jin ƙirjinta wayam, amma ta ce wa kanta in yarinya ta kama zai dawo. A gida ta zauna a kan tabarma, don gadon ba katifa, ta karɓi Kumatu ta sa ta a ƙirji. Yarinyar ta dube ta, ta kama, ta ja sau biyu, ta saki. Ta juya kai tana miƙa hannu wajen bulumbotin da ke hannun Inna. Aka gwada da yamma, aka gwada washegari da kwanakin da suka biyo. Inna ta dafa duk abin da ta sani mai kawo nono. Bai dawo ba.

Ba wanda ya mutu, ba ma wanda ya kamu. A cibiya an zubar da duk sinadaran ɗaki na biyu, an kankare ɗakunan da bilic tun daga silin, an soke sakamakon binciken damina guda don ba wanda zai iya rantsewa a kansa. A gida an rasa katifa ɗaya, matasai biyu, zannuwan gado, da kayan sawarta in ban da na jikinta. Maƙwabciyar hawa na ɗaya ba ta dawo ba. Rabin masu kawo gyaran waya sun koma wani shago. Sai nonon Kumatu, wanda ya tafi tun ba ta fara rarrafe ba.